Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Shan Ƙwaya

Tambaya: Ɗana mai shekara 22 ya kamu da shan tramadol, ga kuma maganin tari mai kodin. Kawunansa sun ce a kai shi gidan mari. Mene ne shawararku?

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya shi. Gidan mari dai ba ma goyon bayansa, domin abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, na ɗaure mutane da sarƙa da azabtar da su, ya isa darasi. Jikin da ya saba da tramadol yana shan wahala in an yanke masa kwatsam, shi ya sa likita ke rage masa sannu a hankali.

Ku zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, tare da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ku faɗi abin da kuka gani da idonku ba tare da gori ko tsinuwa ba. Kafin zaman, ku riga ku nemi ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, don in ya amince a tafi a ranar. Kuɗi kuma a daina ba shi a hannu.