Matsakaicin gunduma ba mutum ba ne

Ka tambaye ni ko alƙaluman gundumomi sun isa ka tabbatar da abin da ke jawo cuta. Ba su isa ba, yaro. Yadda ake fitar da adadin mace-mace cikin mutum dubu ɗari kuwa, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya koma aji.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne rikicin iskar radon, wata iska mai fitar da radiyeshan da ke tasowa daga ƙasa ta taru a cikin gidaje. A 1995 masanin kimiyya Bernard Cohen ya tara gundumomin Amurka kimanin 1,600, ya gwada matsakaicin radon a gidaje da yawan masu mutuwa da sankarar huhu. Sai ya ga inda radon ya fi yawa, nan mutuwa ta fi ƙaranci. Ƙwararru suka kwashe shekaru suna ja-in-ja, wasu har suna cewa ɗan radon kaɗan kariya ne. Ashe taba ce ta shige tsakani. Ba wai Cohen ya manta da ita ba, ya saka ta a lissafinsa. Amma matsakaicin gunduma ba zai gaya maka ko mai shan tabar shi ne ke kwana a gidan da radon ya taru ba. A 2003 wani mai bincike, Puskin, ya nuna cewa sauran sankarorin da taba ke jawowa, waɗanda ba ruwansu da radon, su ma haka suke raguwa inda radon ya fi yawa. Sai 2005, da aka haɗa bincike 13 na Turai da aka bi mutum-mutum, aka ga haɗarin yana ƙaruwa da kusan kashi 16 cikin ɗari a kowane ƙarin bekarel 100 (ma'aunin radon) cikin kowace mita kubik ta iska. Shekara goma ke nan.

Ku yaran yanzu, da kwamfuta ta zana muku layi sai ku ruga neman mujalla.

To, rubuta hasashenka kafin ka buɗe bayanan. Daidaita shekarun jama'a, in ba haka ba gundumar tsofaffi za ta fito kamar annoba ta sauka. Gundumar da mutuwarta ba ta kai ashirin ba, adadinta rawa yake yi, haɗa shekaru biyar. Sankarar huhu tana bin taba da shekara ashirin zuwa talatin, don haka kada ka gwada shan tabar bana da mutuwar bana. Gundumomin da ke maƙwabtaka kama suke yi, in ka ƙirga su kamar ba su san juna ba, tabbacinka zai kumbura a banza. Sannan duba ko an sake shata iyakoki tsakanin ƙidaya biyu.