Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Rinin Gram Ɗina Ke Fitowa Ruwan Hoda?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni, ina koyon aiki a wani labo a nan Maradi. Duk lam (gilashin da ake shafa samfur a kai don dubawa a mikroskop) ɗin da na rina sai ta fito ruwan hoda, har da Staphylococcus da aka ce shunayya yake fitowa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara tuhumar alkol ɗinka. Rinin nan da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884 ya dogara ne ga kaurin bangon ƙwayar cuta: mai kaurin bango (Gram pozitif) tana riƙe shunayya, mai siririn bango (Gram negatif) tana sakinta da zarar alkol ya taɓa ta. Amma in ka bar alkol ya daɗe, kowace iri saki za ta yi.

Violet de gentiane (rinin shunayya) minti 1, Lugol (ruwan iyod mai kafe launin) minti 1, wannan kowa ya iya. Wurin alkol mai kashi 95 ne hannu ke nunawa. Karkata lam ɗin, ka ɗiga shi ɗigo-ɗigo, sakan 10 zuwa 20, kana kallon ruwan da ke gangarowa. Da ya daina fitowa da launi, ka ɗauraye nan take. In aseton ne, sakan 2 ko 3 sun isa. Sai safranin ko fuksin da aka tsarma, rinin da ke ba waɗanda suka saki shunayya launin ruwan hoda, sakan 30 zuwa minti 1.

In hannunka daidai yake, duba Lugol. Zafin watan Afrilu da haske suna cinye shi, balle in kwalbar na zaune kusa da taga a buɗe. Mai kyau launin shayi mai kauri gare shi. In ya koɗe ya koma rawaya, zubar da shi. Haka ƙwayoyin da suka wuce awa 24 a kan jelos (abincin da ake rainon ƙwayoyi a kansa), ko lam ɗin da aka gasa har ta ƙona bayan hannu, duk suna iya fitowa ruwan hoda.

Kada ka raina wannan kuskure a lokacin sanƙarau. A ruwan ƙashin baya, meningokok da pneumokok, ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, duk biyu-biyu suke zama, na farko ruwan hoda, na biyu shunayya. Alkol ya yi yawa, ka rubuta sunan wannan a wurin wancan.

Saboda haka kullum ka shafa Staphylococcus aureus da E. coli da aka tabbatar a gefen lam ɗinka. In Staph ya fito ruwan hoda, kada ka karanta na majinyaci, sake rini. In kana da koloni (tarin ƙwayoyin da ya tsiro a kan jelos) kuma kana shakka, dama shi cikin ɗigon KOH (ruwan potas) mai kashi 3: Gram negatif yana yauƙi kamar kuɓewa cikin minti 1, Gram pozitif ba ya yi. Gwajin katalaz ma zai taimaka wajen bambance Staph da Strepto (Streptococcus): Staph yana kumfa cikin ruwan oksijene mai kashi 3, Strepto ba ya yi. Sai dai kada ka kwaso jelos mai jini tare da kolonin, domin jinin da kansa kumfa yake yi.