Kafin ka sayi sabon akwati, duba sharjur ɗinka

Ɗan'uwa, da na ga ka ce akwatin wifi ɗinka yana yanke intanet bini-bini, fitila ta koma ja sannan ta dawo da kanta, sai da na yi dariyar takaici. Wata biyu na sha wannan azaba a gidanmu na unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin zafin Afrilu.

Ranar da ba na mantawa, yayana ya kira daga Agadas ta WhatsApp zai gaida tsohuwarmu, tana kwance ba lafiya. Sau huɗu yana yankewa. Ta riƙe wayar tana ta "alo, alo", can ta miƙo mini ta ce in bar shi kawai, ta juya fuska bango. Washegari na kai akwatin wurin wani mai gyara a babbar kasuwa. Ko kusa ɗaya bai kwance ba ya ce wai cikinsa ya ƙone, ya karɓi jaka biyar. Kwana uku ina zarya a kan kabu-kabu, ya maido mini da shi yadda na kai, har da ƙurarsa. Har yau in na bi ta gaban rumfarsa kau da kai nake yi. Allah ya isa.

Ashe sharjur ne. Na asalin ya ƙone wata rana da kuran ya dawo da ƙarfi, yarona ya jona na wata tsohuwar na'ura don bakinsu ɗaya. Akwatin yana son 12V da 1A, wancan rabin haka yake bayarwa, da an hau da waya uku sai ya mutu ya sake tashi. Juya akwatin naka, an rubuta abin da yake so a ƙasa.

Ka lura kuma: in ya yanke, sunan wifi ɗin yana ɓacewa daga wayarka? In yana ɓacewa, matsalar wuta ce ko zafi. In sunan yana nan amma ba intanet, to rezo ne ko pus, wato katin SIM. Cire pus ɗin ka goge shi, ka sa a waya ka gwada a ɗakin.

Kada ka aza akwatin a kan talabijin, ga zafin kwano ga nata. Nawa yanzu yana bakin taga. In Huawei ne, shiga adireshinsa 192.168.8.1 ta burauzar wayarka ka tsayar da shi a 4G kaɗai, ya daina tsalle zuwa 3G. Kana ciki ka canza lambar sirri, don ni a nan na tarar da wayoyi tara, alhali mu huɗu ne a gidan. Yaran maƙwabta ne suke shanye mini forfe a bakin ƙofa, ni kuwa ina ta zargin matata da kallon bidiyo.

Wane iri ne naka, kuma me aka rubuta a jikin sharjur ɗin?