Nasara, Maguzawa da Ajami: Kalmomin da Suka Iso Mana da Ƙurar Tarihi

Wani malamin firamare daga Maraɗi ya rubuto cewa ɗalibansa sun tsare shi da tambaya: me ya haɗa "nasara" ta cin jarrabawa da "Nasara" da tsofaffi ke kiran Bature? Ko don Turawa sun ci mu da yaƙi ne suka sami sunan?

Malam, Allah ya ƙara basira, ka faɗa wa yaran ba haka ba ne. Rubutun boko ne ya gwama kalmomin, don ba ya nuna tsawon wasali, amma bakin Bahaushe bai taɓa rikita su ba. Ka ce "mun yi nasara", sannan ka ce "zamanin Nasara", ka saurari kanka: a ta biyu kana jan gaɓar tsakiya, a ta farko ba ka ja. Ta farko daga Larabcin "nasr" take, wato taimako da rinjaye, ita ce a cikin sunan Nasiru da Mansur. Ta biyu kuwa sunan da Alƙur'ani ya kira mabiya Annabi Isa (AS) da shi ne. Malaman lugga sun rabu kan asalinta. Wasu sun jingina ta ga Nasira, garin da Annabi Isa ya tashi a Falasɗinu, wasu kuma ga maganar Hawariyawa a Ali Imrana, aya ta 52, inda suka ce su ne "ansaru", mataimakan Allah.

Sunan addini ne ke nan, ba na launin fata ba. Kibɗawan Masar Nasara ne, Kiristocin Habasha Nasara ne, ba kuwa Bature a cikinsu. Mu ne muka ɗauki sunan muka yafa wa farar fata, musamman bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ku kuma a Nijar kuka riƙe shi da "anasara". Kakata har ta koma ga Allah "asibitin Nasara" take cewa, alhali likitan da ke duba ta ɗan unguwarmu ne, tare suke azumi. Shi ya sa nake ganin maƙwabcinka Bahaushe mai zuwa coci ka kira shi Kirista, sunan da ya kira kansa. A bakinmu "Nasara" ta riga ta ɗauki warin mulkin mallaka, tana mai da ɗan gida baƙo.

Tambaya ta biyu daga wata ɗalibar tarihi ce a Zariya. Ta ce malaminsu ya siffanta Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka, a matsayin ƙasar da Musulmi da Kirista da Yahudawa suka zauna ba mai jin kan wani, ita kuma ta karanta a wani wurin cewa zaman danniya ne. Wace karin magana ce ta fi dacewa, "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki" ko "zo mu zauna, zo mu saɓa"? Mece ce ma "saɓa"?

'Yata, fara da lanƙwasar harafin, don masu rubutu a waya sun kusa kashe ta. "Saba" daban, "saɓa" daban. Saba ita ce ta sabo, ka daɗe da abu har ya zama jiki. Saɓa kuwa asalinta gittawa ce, abu biyu su ƙi haɗuwa a kan layi ɗaya: ka je gidan mutum shi kuma ya tafi naka, kun yi saɓani, manomi ya saɓa gatari a kafaɗa, mutum ya saɓa alkawari, bawa ya saɓa wa Ubangijinsa, shi ne saɓo. Karin maganar ba tana hana zama tare ba ne. Tana gaya miki farashinsa ne tun kafin ki shimfiɗa tabarma. Wanda ba ku zauna da shi ba, a ina za ku saɓa?

Ita na zaɓa wa Andalus, ga dalilina. Musulmi sun tsallaka can a 711 ƙarƙashin Ɗariƙ bin Ziyad, mulkinsu na ƙarshe ya faɗi a 1492, kusan shekara 800 ke nan, kuma ba a yi su da fuska ɗaya ba. A Ƙurɗuba, zamanin Abdurrahman na Uku wanda ya ayyana kansa halifa a 929, likitan fada Bayahude ne, Hasdai bin Shafrut, shi ake tura wa manyan baƙi su tattauna. Da halifan zai aika jakada wurin Sarki Otto na Jamus, Kirista ya aika, wanda Larabawa ke kira Rabi'u bin Zaid. Amma a wannan birnin dai, tsakanin 850 da 859, an kashe Kiristoci kusan 50 bisa hukuncin zagin Annabi (SAW) a bainar jama'a ko ridda. A Garnaɗa Bayahude ya riƙe waziranci, Isma'ila bin Nagrila, har ya mutu a 1056 ɗansa Yusuf ya gaje shi. Shekara goma bayan haka, a 1066, jama'ar gari suka tashi suka kashe Yusuf, suka bi Yahudawan birnin da kisa. Da Muwahhidun, wata daula daga Maroko, suka karɓi Ƙurɗuba a 1148 suka ƙuntata wa waɗanda ba Musulmi ba, iyalin Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, suka bar garin haihuwarsa. Ina ya ƙare? A wata ƙasar Musulmin, Masar, yana likitanci ga manyan fadar Salahuddin, har ya rasu a 1204.

A ɓangaren Kiristoci ma haka abin ya riƙa juyawa. Toledo ta koma hannunsu a 1085, ta zama matattarar masu fassara littattafan Larabci na likitanci da taurari da falsafa zuwa Latin, Kirista da Bayahude a kan takarda ɗaya. Har yau akwai wani gini a can: fararen ginshiƙai a jere, bakunan da ke kansu masu siffar kofaton doki irin na masallatan arewacin Afirka. In kin shiga za ki rantse masallaci ne. Wurin ibadar Yahudawa ne, aka gina shi da salon Musulmi a ƙarƙashin sarkin Kirista, daga baya aka ƙwace aka mai da shi coci. Zaman da saɓanin duk ga su a bango ɗaya.

Ƙarshen labarin wata karin maganar ce ta dace da shi: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 1391 aka yi wa Yahudawa kisan gilla daga Ishbiliya zuwa sauran birane. Garnaɗa ta miƙa wuya ranar 2 ga Janairu 1492, bisa yarjejeniyar cewa za a bar wa Musulmi masallatansu da shari'arsu. Ranar 31 ga Maris na shekarar Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela suka ba Yahudawa zaɓi, ko baftisma ko barin ƙasa, da yawansu suka nufi Maroko da daular Usmaniyya. Musulmi na riƙe da takardar alkawari, amma a 1502 aka ba na masarautar Kastila irin wannan zaɓin, a 1567 aka haramta Larabci, tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu, mutum wajen 300,000, duk da an riga an yi musu baftisma. Wannan sashen ba ya karantuwa gare ni ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba.

Wani dattijo daga Kano ya tambaya ko gaskiya ne "Maguzawa" daga "gudu" take, wai sun guje wa salla.

Baba, ana faɗin haka, kuma yana da daɗin ji, amma yawancin masu bincike sun fi karkata ga Larabcin "majus", mabiya tsohon addinin Farisa da aka ambata a Suratul Hajji, aya ta 17. Dalilin na fiƙihu ne. Ahlul Kitabi, wato Yahudawa da Nasara, suna zama ƙarƙashin Musulmi a matsayin zimmi: su biya jiziya, a tsare musu rai da dukiya da addini. Annabi (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, sai kalmar ta zama ƙofar da malamai ke shigar da wanda ba shi da littafi cikin wannan kariya. Ta yi yawo ƙwarai: da mayaƙan teku daga arewacin Turai suka afka wa Ishbiliya a 844, marubutan Andalus "majus" suka kira su. A ƙasar Hausa sunan ya ba Bahaushen da bai musulunta ba gurbi a shari'a, ya noma gonarsa ya biya jiziya. Mu kuma muna da tamu kalmar ta wannan zama, "amana", kuma duk Bahaushe ya san nauyin cin ta. Kada dai a ɗauka zimmanci daidaito ne. Kariya ce mai sharuɗɗa: littattafan fiƙihu sun hana gina sabon wurin ibada, sun hana hawan doki, sun sa tufafi na daban. Kiristocin Turai ma a babban taron cocinsu na 1215 a Rum sun wajabta wa Yahudawa da Musulmi sutura ta daban.

Kan waɗannan sharuɗɗa ne Shehu Magili, malamin nan ɗan Tilimsan, ya yi rigimarsa kafin Kano ta san shi. A Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau, ya ce Yahudawan Tamantit sun warware amanarsu, a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin yankin, Abdullahi al-Asnuni, ya ce ba su warware ba, a bar shi. Aka rubuta wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu. Wajen 1492 mabiyan Magili suka rushe ginin, aka kashe mutane. Shi ne dai ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, daga baya ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu. Ina girmama abin da ya bar wa Kano, amma a zancen Tuwat ina tare da alƙalin.

Ta ƙarshe, wani ɗan makarantar allo daga Kumasi ya ce shin Hausawa kaɗai ke da ajami?

A'a, ɗana. "Ajami" a Larabci na nufin abin da ba na Larabawa ba, kuma kalmar nan ce ta shiga Sifaniyanci ta zama "aljamiado", wato harshen Sifaniya da haruffan Larabci. Yahudawa kuwa juya abin suka yi: Musa bin Maimun ya rubuta babban littafinsa na falsafa da Larabci amma da haruffan Ibraniyanci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har gobe shugaban gari a Sifaniya "alcalde" ake ce masa, daga "alƙadi", tushen da ya ba mu "alƙali".

Bayan an haramta wa Musulmin Andalus addininsu, Larabci ya fara ɓace wa 'ya'yansu, sai suka riƙa rubuta farillan alwala da addu'o'i da ƙissoshin annabawa a harshen da suke ji, da baƙaƙen Alƙur'ani, kamar yadda malamanmu suka yi da Hausa da Fulatanci. Su a ɓoye suke yi, don kama mutum da irin wannan takarda na iya kai shi gaban kotun coci. A 1884 ana gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid, kusa da Saragosa, magina suka ɗaga daɓen katako suka tarar da wani daɓen a ƙarƙashinsa. Tsakanin biyun littattafai ne jibge, an naɗe su da ƙyalle, tare da kayan ɗinkin littafi. Wataƙila mai su ya adana su ne da niyyar dawowa.