Gumakan Shafe na Gandara

Tambaya: Na ga hoton kan gunkin Buda daga Afganistan, fuskar kamar ta Bature. Da me aka yi shi?
Wani magini, Ringim

Amsa: Malam, aikin Gandara ne, tsohon yanki a gabashin Afganistan da arewa maso yammacin Pakistan na yau, irin na garuruwan Hadda da Taksila. Alezanda, sarkin Makidoniya da ya jagoranci Girkawa, ya ratsa yankin wajen 327 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya salon Girkawa ya gauraya da na Indiya. Lanƙwasar gashin ta Girka ce, dogayen kunnuwan na Indiya.

Jikin yakan zama yumɓu, a shafe da farar ƙasa da yashi, a gyara tun da ɗanyensa. Kai kuwa, sau da yawa daban ake yinsa da farar ƙasa da yashi, a kafa shi a jikin da turken itace. Laima na shiga, yumɓu ya zube, turke ya ruɓe. Abin takaici, kawuna suka fi tsira.