Amsar Baba Fasto kan zunubin da "bai taɓa kowa ba"

Salama gare ku 'yan'uwa. To, ɗana, na ji tambayar da ka tura jiya da dare. Ka ce in laifin da mutum ya yi bai cuci kowa ba, ina ruwan ikkilisiya, ai tsakaninsa ne da Allah. Da murya zan amsa, rubutu a waya yana ba ni wahala.

Kiristocin farko ba su yarda akwai irin wannan zunubin ba. Ka san Agustin, wanda aka haifa a Tagaste a shekara ta 354, ƙasar Aljeriya ke nan ta yanzu, ya zama bishop a Hippo, inda garin Annaba yake. A littafinsa Confessions ya ba da labarin wata sata da ya yi yana ɗan shekara 16. An dawo da shi gida daga makaranta don kuɗin mahaifinsa bai kai ba, ya zauna ba aikin fari ba na baƙi. Wata rana da tsakar dare shi da samarin unguwa suka je wata bishiya kusa da gonar inabinsu, suka kakkaɓe 'ya'yanta, suka kwashi kaya niƙi-niƙi. Ba yunwa ba ce, don ya ce a gidansu akwai waɗanda suka fi su kyau. Ɗan kaɗan suka ɗanɗana, sauran suka watsa wa aladu.

Mutum ya haura shekara arba'in, ga shi bishop, yana ta tonon wannan ƙaramar sata, me ya sa na yi? Abin da ya gano shi ne, da shi kaɗai ne da bai yi ba. An ce a zo a je, sai ya ji kunyar a ce shi ne mai kunya a cikinsu. Ka gani? Zumuncin da Allah ya halicce mu dominsa, shi ne ya karkace har ya kai shi gonar mutane. Ni a ganina nan Agustin ya fi ƙarfi, fiye ma da muhawararsa da Pelagiyus, wani malami da suka yi saɓani da shi kan zunubi da alherin Allah. Ko a Farawa sura 3, ana cin 'ya'yan itacen Adamu ya ɓoye wa Allah, da aka tambaye shi kuma ya ɗora wa matarsa.

Sai maganar ikkilisiya. A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga alloli, a ba shi takardar shaida. Wasu Kiristoci suka yi hadayar. Wasu kuma suka ba ma'aikata kuɗi aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi ba. To, waɗannan na biyun, wa suka cuta? Amma a Kartej, ta wajen Tunis, Bishop Sifriyan da taron bishop-bishop na 251 suka ce su ma sai sun yi tuba kafin su koma cin jibin Ubangiji, alhali wasu 'yan'uwansu sun sha kurkuku don sun ƙi yin hadayar. Tubar kuma jama'a suna gani, suna yi wa mutum addu'a, ranar da za a karɓe shi bishop da dattawa su ɗibiya masa hannu.

Kada wani ya ce Baba Fasto ya ce a riƙa tsayar da mutane gaban majami'a ana tona musu asiri, a'a. Tsarin nan ya yi tsauri ƙwarai, sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama bayan baftisma, shi ya sa da yawa suka riƙa jan ƙafa da baftismar. Sarki Konstantin kansa sai da ya kusa mutuwa a 337 aka yi masa. Daga baya ne furta zunubi a asirce ya yaɗu ta hannun sufayen Ailan.

Kai dai, ɗana, in akwai abin da ke damunka, kada ka rubuta shi a nan cikin jama'a, kira ni bayan sujadar yamma. Allah ya ba mu alheri.