Shin Murar Mai Juna Biyu Tana Taɓa Ƙwaƙwalwar Jariri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina ɗauke da cikin wata uku, kuma kwanan baya na yi fama da mura mai zafi da zazzaɓi. Na ji an ce cutar bairas tana iya canza ƙwayoyin gadon ɗan da ke ciki har ƙwaƙwalwarsa ta sami matsala. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar nan?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sauke ki lafiya. Maganar tana da tushe, amma ba kowace bairas ce ke yin wannan ɓarna ba, kuma mafi yawan matan da suka yi mura da ciki lafiyayyun 'ya'ya suke haifa.

Waɗanda aka tabbatar da illarsu su ne masu iya ratsa mabiyiya su isa ga ɗan tayi. A shekarar 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya gano cewa jarirai da yawa da aka haifa da yanar ido uwayensu sun yi ƙyandar Jamus a farkon ciki, cutar da kan jawo wa jariri kurumta da ciwon zuciya ma. A 2015 kuwa wata bairas mai suna Zika ta bazu a Burazil, aka riƙa haihuwar jarirai masu ƙaramin kai, domin tana kashe ƙwayoyin da ƙwaƙwalwa ke tsirowa daga gare su.

Batun ƙwayoyin gado shi ne yake buƙatar gyara. Ba abin da ɗa ya gada daga iyaye ne ake gogewa ba. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma lokacin da ƙwaƙwalwa take ginuwa kowace tana da sa'ar da za ta fara aiki da sa'ar da za ta yi shiru. Idan garkuwar jikin uwa ta tashi yaƙi da cuta, takan saki wasu sinadarai cikin jini, kuma gwaji a kan ɓeraye masu ciki ya nuna cewa sinadaran kaɗai, ko da bairas ɗin ba ta kai ga tayi ba, suna iya sa wasu ƙwayoyin gado su farka da wuri, wasu su makara, har a ga bambanci a ɗabi'ar 'ya'yan. A ganina masu yaɗa labarin suna wuce gona da iri, domin ɓera ba mutum ba ne, kuma a wajen mutane ƙarin haɗarin da aka gani kaɗan ne.

Ki shaida wa ma'aikatan awon ciki cewa kin yi zazzaɓi, musamman idan ƙuraje sun feso miki, domin a gwada jininki a kuma duba girman kan jaririn a hoto. Kada ki bar zazzaɓi ya daɗe a jikinki, kada kuma ki sha magani ba da umarnin likita ba. Rigakafin ƙyandar Jamus kafin ɗaukar ciki ake yin sa, don haka idan ba a taɓa yi miki ba, sai ki jira bayan haihuwa.